Wuta a Gidan Dutse da Ruwa

  Barka ga na gida, barka ga na kan hanya, barka ga mai gadin da ke zaune da rediyo a gefensa.

Yau maganarmu a kan gobara ce. Ba gobarar kasuwa ba, ba kuma ta gidan zama ba. Gobarar masana'antar sarrafa ma'adinai. Wato wurin da ake kai dutsen da aka haƙo, a farfasa shi, a niƙe, a wanke, a tace, a fitar da abin da ake nema. Zinariya ce, ko kuza, ko tagulla, ko yuraniyom. Ko kuma a gasa dutsen ya zama siminti. Za mu haɗa da maganar inshora: me ya sa kuɗinta ke yi wa wata masana'anta sauƙi, ya yi wa maƙwabciyarta tsada?

Kada wani ya ce wannan zancen manyan kamfanoni ne. 'Ya'yanmu ne ke aiki a Ashaka da Kalambaina da Obajana da Malbaza. Mutanenmu ne a Arlit. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyom a jihar Nasarawa, wasu kuma suna tafe. Ga ƙananan injinan niƙa dutse a Zamfara da Neja da Filato, waɗanda ba su ƙirguwa. Idan maigidanki yana ɗaya daga cikin waɗannan wurare, shirin nan naki ne. Idan ɗanka mai walda ne, naka ne.

Mu fara da kashi na farko: me ke cin wuta a wurin da ba a ganin komai sai dutse da ƙarfe da ruwa?

Bahaushe ya ce gobara daga kogi, maganinta sai Allah. Haka mutane da yawa ke kallon wannan gobara idan ta tashi. Sai a riƙe baki, a ce ikon Allah, dutse ya kama da wuta. Lallai komai da ikon Allah yake. Amma wannan gobara an san inda take fitowa. Wuri uku ne: roba, mai, da tartsatsin walda. Ku riƙe su. Roba, mai, da tartsatsin walda.

Mu ɗauki roba. Dutse yana cin ƙarfe. Idan aka bar niƙaƙƙen dutse yana gogar bututu dare da rana, ba a jimawa bututun zai huje. Saboda haka ake shimfiɗa roba mai kauri a ciki. A cikin injin niƙa akwai roba. A cikin famfo akwai roba. A cikin tanki da bututu akwai roba. Rariyar da ke tankaɗe dutse, yawancinta yanzu ta roba ce. Kai da ke tsaye a waje, ƙarfe kake gani. Ciki kuwa roba ce zalla.

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar taya tana ci da wuta ya san halin roba. Baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Wuta mai naci, ka zuba ruwa ta lafa, ka juya baya ta dawo. To, ka ƙaddara wannan wutar tana ci a cikin bututu, inda ruwan 'yan kwana-kwana ba ya kai wa gare ta. Bututun yana jan iska daga ƙasa, wutar tana binsa tana hawa. Kafin a ga harshenta a waje, ta riga ta kai bene na uku.

Sai bel, wato doguwar shimfiɗar robar nan da ke ɗauke da dutse daga wannan inji zuwa wancan. Bel yana gudu ne a kan ƙananan gangunan ƙarfe, kowace da boris a cikinta. Ƙura ta shiga, giris ya bushe, boris ya cije. Ganga ta daina juyawa, bel kuma bai daina gudu ba. Yana ta gogarta har ta yi zafi jawur. Ga abin da nake so ku lura da shi. Muddin bel yana tafiya, zafin yana rarrabuwa a jikinsa. Da an kashe inji, sai wuri ɗaya na robar ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi. Shi ya sa gobarar bel takan tashi bayan an tsayar da aiki, lokacin da kowa ya wanke hannu ya kama hanyar gida.

A watan Yuli na 2018, bel ya kama da wuta a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar tagulla ta Palabora, a Afirka ta Kudu. Ma'aikata shida suka rasu.

Na biyu, mai. Akwai man da ke sanyaya injin niƙa, ganga-ganga. Akwai man taransifoma. Akwai dizal na janareta. Akwai man da ake turawa da ƙarfi a cikin tiyo don ɗaga manyan ƙarafa. Idan tiyon ya yi ɗan huji, man ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi. Feshin ya sauka a kan ƙarfe mai zafi, shi ke nan.

Akwai kuma masana'antun da ke tace tagulla da yuraniyom da kananzir. Ana gauraya ruwan ma'adinin da kananzir mai ɗauke da wani sinadari, sinadarin ya zaƙulo abin da ake so. Manyan kwatamai ne cike da kananzir, a jere. A Olympic Dam, wata babbar mahaƙa a kudancin Ostareliya, wannan sashe ya kama da wuta a Disambar 1999. Aka gyara. A Oktobar 2001 ya sake kamawa. Abin da aka fi zargi a ta biyun shi ne wutar gogayya, wato ɗan tartsatsin lantarkin da ke taruwa idan mai yana gudu a cikin bututun roba. Ba ashana, ba sigari. Gudun man kawai. Maganinta shi ne a haɗa bututu da tanki da wayar da za ta sauke wutar a ƙasa, a kuma rage gudun man.

A gidan siminti kuwa, a kula da kwal. Tarin kwal yana iya ɗaukar zafi da kansa daga ciki. Garinsa idan ya tashi a iska a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya sa shi fashewa.

Masu sauraro, yanzu mun shiga kashi na biyu, kuma a nan zan fi daɗewa. Maganar walda.

Ku zo mu leƙa wata masana'anta a ranar gyara. An kashe injina tun asuba. An tsiyaye ruwan da ke cikin bututu da rariya, don a samu shiga. Ku lura: ruwan nan shi ne ke kare robar kullum. Yau babu shi. Robar ta bushe, ga iskar hunturu tana kaɗawa.

An kira mai walda daga gari. Ƙwararre ne, hannunsa yana da kyau. Amma bai san wurin ba. An nuna masa wani ƙarfe da ya tsage a saman bene, an ce ya ɗinke shi kafin la'asar, domin manaja yana son a tayar da inji da magariba. Ya hau. Ya ja wayarsa. Ya rufe fuska, ya fara. Shi idonsa yana kan bakin aikinsa. Ba ya ganin inda tartsatsi ke zuwa. Daɓen benen kuwa ragar ƙarfe ce. Narkakken ƙarfe yana ɗiga ta ramukanta, yana sauka hawa biyu a ƙasa, a kan rariyar roba. Wani ɗigon ya gangara cikin bututu.

Ya gama. Ya naɗe waya, ya sauko, ya karɓi kuɗinsa. Ba hayaƙi, ba wari. Ɗigon nan kuwa yana can a kwance cikin roba, yana cinta a hankali. Aka kira sallah, mutane suka tafi. Bayan rabin awa, mai gadi ya ɗaga kai ya ga baƙin hayaƙi yana fita ta rufi.

Wa ke da laifi? Da sauri za a ce mai walda. Ni ban yarda a ɗora masa shi kaɗai ba. Wa ya gaya masa akwai roba a ƙarƙashinsa? Wa ya rufe ramukan daɓen? Wa aka ajiye ya tsaya a ƙasa yana kallo? Wa ya ce a gama kafin la'asar ko ta halin ƙaƙa? Wanda ya hanzarta aikin yana da kaso, kuma kasonsa ya fi girma.

Ranar 16 ga Satumba 1986, a mahaƙar zinariya ta Kinross a Afirka ta Kudu, ana aikin walda a ƙarƙashin ƙasa. Wuta ta kama wani irin soson roba da aka fesa a bangon ramin. Mutum 177 suka rasu. Yawancinsu ba wuta ce ta taɓa su ba, hayaƙi mai guba ne ya cim musu. Ina so a ji wannan da kyau: a gobarar roba, hayaƙi ke fara kisa. Idan ka ga baƙin hayaƙi ya cika wuri, kada ka koma ɗauko waya ko jaka. Fita.

To, mene ne maganin? Akwai abin da ake kira takardar izinin aikin wuta. Takarda ce guda. Ba a kunna walda, ba a yanka ƙarfe, ba a goge shi da injin da ke fitar da tartsatsi, sai wani shugaba ya zo wurin da ƙafarsa, ya duba, ya sa hannu. Da ƙafarsa. Ba daga ofis ba.

Abin da zai fara tambaya shi ne: dole ne a yi aikin a nan? Idan ana iya kwance ƙarfen a kai shi shagon walda, a kwance. Idan ana iya ɗaure shi da noti, a ɗaure. Idan babu makawa, sai a share wurin. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda ake kira NFPA, ta sa ƙa'idar ƙafa 35, wato wajen mita 11, ta kowane gefe. Duk abin da ke cin wuta a wannan fili, a kwashe shi. Wanda ba ya kwasuwa, a lulluɓe shi da bargon da wuta ba ta ci, ko a jiƙa shi sharkaf. A toshe ramukan daɓe. A toshe bakin bututu. A duba sama, a duba ƙasa.

Sannan a ajiye mai tsaron wuta. Mutum ɗaya, aikinsa kallo kawai, da abin kashe gobara a hannunsa. Ba shi ne mai miƙo guduma ba. Ba shi za a aika sayo ruwan sanyi ba. Idan aikin a bene ne, a sa wani a ƙasa. Idan mai walda ya gama, mai tsaro bai gama ba. Ya zauna aƙalla awa guda bayan tartsatsi na ƙarshe. Awa guda. A inda roba ta yi yawa, a riƙa zagayowa ana dubawa har bayan haka.

Malam mai walda, gare ka nake. Kafin ka kunna, tambayi me ke cikin ƙarfen nan, me ke bayansa, me ke ƙarƙashinsa. Tankin da aka taɓa zuba mai a ciki, ko an ce maka babu komai, kada ka sa masa wuta sai an wanke an gwada. Tururin da ya rage a tanki ya fi man haɗari. Tambayar nan ba raini ba ce ga mai wuri. Ranka kake karewa, da dukiyarsa.

Mu je kashi na uku: asarar da ba a gani a cikin toka.

A ƙasar Muritaniya akwai mahaƙar zinariya mai suna Tasiast, wajen kilomita 300 arewa da Nuwakshot. Ta kamfanin Kinross Gold ce na ƙasar Kanada. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da mahaƙar da na ambata ɗazu, ba su da alaƙa. Ranar 15 ga Yuni 2021, wuta ta tashi a sashen babban injin niƙa. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. Kamfanin ya ƙiyasta cewa gyaran zai iya kaiwa dala miliyan 50. Kuɗi ne mai yawa. Amma ku saurari sauran.

Niƙa bai dawo ba sai can ƙarshen shekara. Kamfanin ya rage hasashen abin da zai samar a 2021 daga oza miliyan 2.4 zuwa miliyan 2.1, kuma gobarar ce babban dalili. A lokacin, ozar zinariya tana wajen dala 1,800. Ku lissafa da kanku. Zinariyar tana nan a cikin dutse, ba ta ƙone ba. Amma kuɗinta bai shigo a shekarar ba. Albashi kuwa bai tsaya ba. Bashin banki bai tsaya ba.

Wannan ita ce asarar tsayawar aiki, kuma sau da yawa ta fi asarar gini da injina nesa ba kusa ba. Dalili shi ne, masana'antar ma'adinai layi ɗaya ce. Dutse ya shiga nan, ya bi ta nan, ya fita can. Inji ɗaya ya tsaya a tsakiya, duka sun tsaya. Kuma babban inji ba a shago ake sayensa ba. Oda ake bayarwa a ƙera shi a wata ƙasa, a ɗoro shi a jirgin ruwa, a fitar da shi daga tasha, a jawo shi a tirela. Watanni ne. Wani lokaci ya haura shekara.

A ƙaramin wuri ma haka ne. Mai injin niƙa dutse guda ɗaya, idan ya ƙone, ba injin kaɗai ya rasa ba. Masu kawo masa dutse sun koma wajen wani. Leburorinsa sun watse. Mai sayar musu da abinci ta rasa ciniki.

Yanzu kashi na huɗu. Ta yaya kamfanin inshora ke yanke abin da za ka biya?

Bari in ba ku wani tarihi. A jihar Rhode Island ta Amurka, an yi wani mai masaƙa, sunansa Zachariah Allen. Ya kashe kuɗi ya kare masaƙarsa daga gobara, ya sa famfon ruwa, ya ƙarfafa gini. Sai ya je wajen masu inshora ya ce a rage masa kuɗi, tunda haɗarinsa ya ragu. Suka ƙi. A 1835 ya tara wasu masu masaƙu irinsa, suka kafa inshorar kansu, ba sa karɓar kowa sai mai kula da wurinsa. Asararsu ta yi kaɗan, kuɗin da suke biya ya sauka. Daga nan kamfanin da aka sani da FM Global ya samo asali. Tun daga lokacin, wannan tunani ya bazu: a auna wuri, a yanke farashi daidai da kulawar mai shi.

Saboda haka, kafin a ba babbar masana'anta inshora, ana turo injiniya ya zagaya. Ku biyo shi mu ga abin da yake dubawa.

Ba ya fara da ofishin manaja. Ɗakin famfon kashe gobara yake nufa. Ya ce a tayar. Idan batir ya mutu, ya rubuta. Idan tankin dizal ɗinsa babu komai, domin an ara an zuba wa janareta, ya rubuta. Idan famfon da wutar lantarki kaɗai yake aiki, ya tambaya: ranar da gobara ta cinye waya fa? Ya leƙa tankin ruwa. Cike yake, ko ana ɗiba ana wanke mota? Ya taɓa makunnin bututun ruwa ya ga ko a buɗe yake. Ya bi gefen bel yana sauraron kukan boris, yana duba ko an bar ƙura da tsumma mai maiƙo sun taru a ƙasa. Ya haska akwatin lantarki da kyamarar da ke nuna zafi, ya ga wayar da ta saki. Ya duba ko akwai bango tsakanin taransifoma biyu. Ya auna tazarar da ke tsakanin ma'ajiyar mai da injin niƙa. Ya tambayi nisan 'yan kwana-kwana mafi kusa, domin yawancin waɗannan wurare a daji suke, kuma motar da za ta yi awa biyu a hanya toka za ta tarar.

Daga nan ya ce a kawo masa takardun izinin aikin wuta na watannin baya. A nan ake gane gaskiyar wuri. Idan ga sabuwar walda a ko'ina, takardu kuwa uku ne kacal, ya san abin da ake ciki.

Rahotonsa ba a Legas ko Yamai yake tsayawa ba. Kamfanin inshora na gida ba ya iya ɗaukar irin wannan nauyi shi kaɗai. Yana sayar da wani kaso ga masu yi wa inshora inshora, irin su Africa Re mai hedikwata a Legas, da Munich Re ta Jamus, da kasuwar Lloyd's ta Landan. Waɗannan ba su taɓa taka wurinka ba. Rahoton injiniyan nan shi ne idonsu. Da shi suke cewa mun karɓa, ko mun ƙi, ko mun karɓa amma da tsada.

Kun ga ke nan, kuɗin inshora a filin masana'anta ake yanke shi. A ɗakin famfo. A gefen bel. A hannun mai tsaron wuta. Ofis rubutawa kawai yake yi.

To, mai masana'anta, ta ina za ka rage kuɗin? Injiniyan zai bar maka shawarwari. Kada ka jefa su a durowa. Fara da waɗanda ba sa cin kuɗi: shara, takardar izini, gwada famfo duk mako, horar da ma'aikata. Ka rubuta ranar da ka yi kowanne, ka ɗauki hoto. Waɗanda ke cin kuɗi, kamar na'urar yayyafa ruwa a kan bel da rariya, ka sa musu lokaci, ka cika alkawari. Ka ajiye kayan gyaran da suka fi wuyar samu, kuma kada ka ajiye su a gindin injin da za su gyara. Watanni kafin inshorarka ta ƙare, ka ba dillalinka wannan shaida ya shiga kasuwa da ita. Wanda ya zo ana saura kwana uku, abin da aka yanka masa shi zai biya.

Akwai kuma kason farko na asara, wanda kai za ka ɗauka kafin inshora ta fara biya. Idan ka yarda ka ɗauki kaso mai girma, kuɗin shekara yana sauka. Amma kada ka ɗauki abin da ya fi ƙarfin aljihunka don neman rangwame.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe: ramukan da ke cikin takarda. Mutane da yawa sun biya inshora, gobara ta zo, suka fita da ɓacin rai suna cewa an cuce su. Wani lokaci an cuce su ɗin. Amma sau da yawa ramin yana cikin takardar tun ranar farko.

Rami mafi zurfi a yau shi ne darajar kaya. A farkon 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Injinan nan kuwa da dala ake sayo su. Ga misali, don a gane. Ka sayi injina na naira miliyan 100, ka yi musu inshora a kan miliyan 100. Yau sababbinsu sun kai miliyan 300, kai kuma ba ka sauya takarda ba. Wuta ta yi maka ɓarnar miliyan 60. Kana tsammanin za a ba ka 60, tunda ba ta kai 100 ba. A'a. Za a ce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka ka yi wa inshora, don haka kashi ɗaya cikin uku na asarar za a biya. Miliyan 20. Sauran 40 naka ne. Wannan sharaɗi yana cikin yawancin takardun inshorar gobara. Saboda haka a sake ƙiyasta darajar injina duk shekara, a kan kuɗin sayen sabo yau, har da kuɗin jirgi da na kwastan.

Na biyu, inshorar gobara daban, ta tsayawar aiki daban. Idan ba ka sayi ta biyun ba, za a biya ka ƙarfe, ba za a biya ka watannin zama ba. Idan ka saya, duba tsawon lokacin da za ta ɗauke ka. Wata 12 ba zai isa ba idan injinka sai ya yi wata 18 kafin ya iso.

Na uku, biya kafin kariya. A Najeriya, tun 2013 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsaurara wannan doka: ba ka biya ba, ba ka da inshora. Alkawarin baki ba ya aiki. Ka kuma tabbatar kamfanin da dillalin suna da lasisi.

Na huɗu, faɗin gaskiya. Ka ƙara tankin mai, ka faɗa. Famfon kashe gobara ya lalace, ka faɗa, ka kuma dakatar da walda har a gyara. Abin da ka ɓoye yau, da shi za a ƙi biyanka gobe.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a taimaki wanda asara ta samu, idan an samu rara a raba musu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A takaful ma za a duba wurinka, kuma sakacinka asusun 'yan'uwanka yake ci.

Ma'aikaci kuma, ka sani inshorar gobara ta gini da injina ce, ba taka ba. A Najeriya, taka tana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Kana da haƙƙin ka tambaya ko ana zubawa. Uwargida, ke ma ki tuna masa ya tambaya.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, wutar ta tashi, a fara da rai. A buga ƙararrawa, a kashe lantarki, a taru a wuri ɗaya, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Kada a watsa ruwa a kan mai ko a kan waya mai wuta. A kira 'yan kwana-kwana nan take, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, a kuma gaya musu irin sinadaran da ke cikin sito tun kafin su shiga. Bayan wuta ta mutu, a sanar da kamfanin inshora a ranar, a rubuce. Kada a kwashe ɓaraguzai, kada a sayar wa 'yan gwangwan da ƙonannen ƙarfe, sai mai ƙiyasta asara ya zo ya gani. Zai nemi rasiɗin injina, da littafin abin da ake samarwa kullum, da takardar inshorar kanta. Waɗannan a ajiye kwafinsu tun yau a wani gini daban, ko a waya, domin ofishin masana'anta ma yana ƙonewa.

A nan za mu dakata.